Motar roba ta haɗawa ko ta ƙarfe: wacce ta fi dacewa da mai zama a Legas?

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Arewa ya san motar kara da ta langa-langa, a yanka tsohon silifas a yi taya, a ɗaura zare a ja ta layi layi. Wannan sha'awar bata mutuwa, girma kawai take yi tare da mutum, kuma a nan Legas akwai magidanta da yawa, daga Agege zuwa Idi-Araba har Obalende, da suke jera ƙananan motoci a kabad ɗin falo suna goge su duk ƙarshen mako. To wanda ajiyewa kaɗai ta daina isarsa, yana so ya sa hannu ya yi aikin da kanshi, hanya biyu ce a gabanshi kuma mafi yawanci ba a gane bambancinsu sai bayan kuɗi sun fita.

Ta farko ita ce motar roba da take zuwa a kwali a wargaje, gutsi-gutsi wajen guda 100 ko fiye a maƙale a jikin firam, ba fenti ba komai, kai zaka yanko su ka manna ka fesa. Irin wadda Tamiya da Aoshima da Hasegawa da Fujimi na Japan suke yi, da kuma Revell. Ta biyun ita ce motar ƙarfe da aka riga aka haɗa aka yi mata fenti tun daga masana'anta, su Hot Wheels, Matchbox, Tomica, Maisto, Bburago, Welly, kai kuma ka kwance ta ka kankare fentin ka sake mata kamanni yadda ranka ke so. Ɗaya kamar ka sayi yadi ne ka yanka ka ɗinka da kanka, ɗayar kuma ka sayi ɗinkakkiya ka farke ka gyara ta zauna maka. Duk biyun aiki ne na gaske, kada wani ya ce maka mai gyaran ƙarfe wasa yake yi. Amma ni a ganina, ga wanda yake zaune a Legas kuma yanzu zai fara, ba kyawun motar ne ya kamata ya yanke maka hukunci ba, fenti ne da ɗakin da kake kwana. Zan zo kan wannan.

Bari mu fara da girma saboda nan ake fara ruɗewa wajen oda. Lambar da kake gani a kwali, 1:24 ko 1:64, tana nufin an rage motar gaske sau adadin nan. Mota mai tsawon mita 4 da rabi idan aka yi ta a 1:18 zata kai santimita 25, a 1:24 kusan 19, a 1:43 goma da ɗan kai, a 1:64 kuma santimita 7 kacal, ta zauna a tafin hannunka da saura. Motocin roba kusan duk 1:24 ne, na Amurka kuma 1:25, bambancin bai taka kara ya karya ba idan ka jera su tare. Na ƙarfe su ne suka bazu ko'ina, daga 1:64 har 1:18. Ka lura dai Hot Wheels da Tomica na gama-gari ba daidai suke bin ma'auni ba, ana matse motar ne ta shiga kwalinta, shi yasa zaka ga bas da ƙaramar mota tsawonsu ɗaya. Idan kana son ma'auni na gaskiya a wannan girman sai ka nemi irin su Mini GT, masu tayar roba da fitilu na daban, amma kuɗinsu ya ninka sau da yawa kuma gaskiya ban ga dalilin kankare musu fenti ba.

Wajen samuwa babu ma gasa. Motar ƙarfe tana ko'ina a garin nan, manyan kantuna na Ikeja da Lekki suna kawowa, masu kayan wasan yara na Idumota da Balogun suna da su, sannan uwa uba kasuwar Katangua da ke wajen Abule Egba inda ake zube kayan wasa na gwanjo a ƙasa, ka tsuguna ka tona. Kuma ga mai niyyar sake fenti, wadda ta kwarzane ta koɗe ita ce abin nema, tunda dama cire fentin zaka yi, abin da zaka duba kawai gilashi bai fashe ba kuma ginshiƙan rufin basu lotsa ba. Motar roba kuwa ni ban san wani shago a Legas da zaka shiga ka tarar da kwalayen Tamiya a jere ka zaɓa ba, kusan dole oda zaka yi daga waje ko ka roƙi wani mai dawowa ya riƙo maka. Kuɗin kwalin a can ba wani tashin hankali bane, yawanci tsakanin dala 20 zuwa 40, amma kwali ne babba marar nauyi kuma masu kawo kaya ta jirgi da girman kwali suke lissafi idan ya fi nauyin, ga canjin dala, to kafin ya iso hannunka lissafin ya canza. Sannan idan kwalin ya zo ka buɗe, abin da ke ciki roba ce da takardar sitika da littafin bayani, shi kenan. Ba gam, ba fenti, ba wuƙa.

Nan ne maganar take. Fentin gwangwani na feshi da aka yi musamman don motocin roba, da gam ɗinsu mai ruwa-ruwa, duk kaya ne masu kama wuta, jirgin sama baya ɗaukar su haka kawai, mafi yawan shagunan waje da ka sa adireshin Najeriya zasu cire su daga cikin odarka. Kenan zaka samu motar amma abin da zaka gama ta da shi ya maƙale a can. Mutum sai ya ce ai ba komai, ga fentin gwangwani nan a kasuwa, ga masu fentin mota a Ladipo da Mushin sai a auna min kaɗan. Eh akwai, kuma mai kyau ne, amma fentin mota da tinarsa, wato ruwan da ake tsinka shi da shi, suna da zafi, ita kuma robar da ake yin waɗannan motocin, folistirin, tina tana cin ta. Ka fesa kai tsaye sai ka ga jikin motar ya yi yaushi ya tattare, layin ƙofa ya narke, kuma wannan ba abu bane da sanfefa zata gyara. Ana iya kaucewa idan aka fara shimfiɗa firaima, wato fentin ƙasa da ake fara sawa, siriri-siriri aka bari ta bushe sosai sannan a bi da fentin a hankali, ba a jiƙa shi lokaci ɗaya ba, amma wannan hannu yake so, kuma hannu baya zuwa a mota ta farko. Ƙarfen kuwa, wanda haɗin zinki ne da ɗan alminiyom da wasu, babu ruwanshi da tina. Fesa mishi duk abin da ka samu a kasuwa. Idan bai yi kyau ba ka mayar da shi cikin maganin cire fenti, minti kaɗan fentin ya kumbura ya saɓule, ka wanke da tsohon buroshin haƙori ka sake daga farko, sau goma idan kana so, jikin motar yana nan yadda yake. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya sa mai koyo ya fara da ƙarfe. Ita roba idan fenti ya lalace sai dai a jiƙa ta a man birki ko barasar goge-goge (isopropyl) ta kwana tana saki a hankali, wani lokacin ma robar ta yi gautsi ta dinga karyewa.

Sai danshin Legas, wanda duk wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato ya san bambancin tun ranar da ya fara shanya kaya. Iskar garin nan a cike take da ruwa kusan duk shekara, da safe da kuma lokacin damina tana haura kashi 80 cikin 100, kuma fenti mai saurin bushewa idan ka fesa shi a irin wannan iskar, tinar tana tashi da sauri ta sanyaya jikin motar, raɓa ta sauka a kai, sai ka ga baƙin da ka fesa ya yi fari-fari ya dushe, ƙyallin ya tafi. Masu fentin mota na gaske sun san wannan matsalar sarai, ka tambayi kowane fanel bita zai gaya maka baya son feshi da sassafe ko bayan ruwa. Wannan ya shafi roba ya shafi ƙarfe, bambancin dai shi ne abin da na faɗa a sama, ɗaya tana yafe maka ɗayar bata yafewa. Daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba da Oktoba sai ka yi ta jiran ranar da gari ya buɗe. Abin da yake aiki shi ne ka fesa tsakanin hantsi da la'asar lokacin da rana ta yi ƙarfi, ka fara tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi, ɗumi fa ba zafi ba don gwangwani ne mai iska a matse, ka girgiza sosai, ka tsaya nesa da motar kamar santimita 20 zuwa 30, ka wuce da hannu sau ɗaya ka dakata minti 10 ko 15 kafin ka ƙara. Kana gamawa ka kife mata robar abinci mai tsabta ka ɗan ɗaga gefe ɗaya iska ta shiga. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, iska tana bushewa fenti ya kwanta lafiya amma ƙura ce ke sauka a kai, to kifewar nan ta zama dole. Kuma kada ka yi gaggawar taɓawa, sama ya bushe ba yana nufin ciki ya bushe ba, idan zaka goge da sanfefa mai laushi irin lamba 2000 ka sa folish don ƙyalli ka bata mako guda tukunna, in ba haka ba zanen yatsanka zai zauna a rufin.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowa ya haddace ko wace hanya ya bi: mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Fentin laka, wato irin na mota mai tina, shi ke fara kwanciya, a kanshi zaka iya sa na mai ko na ruwa. Idan ka juya, ka fesa mai tina a kan na mai, na ƙasan zai tattare. Fenti na ruwa, akirilik, shi ne ya fi sauƙin samu tunda ana iya turo irin su Vallejo ta jirgi, kuma shagunan kayan zane na Yaba suna da wanda za a iya lallaɓawa da shi a yi kujeru da dashbod da ƙarƙashin mota da buroshi. Amma jikin mota da buroshi baya yin kyau, duk yadda ka kai da hannu layin gashin zai fito.

Ƙaramar bindigar feshi da kwamfuresa kuwa kada ka sa su a lissafin farko. Suna so wuta ta tsaya, suna so matatar ruwa a bakin tiyo saboda danshin nan yana taruwa a ciki ya tofo maka ɗigo a kan fenti, kuma wanke ta bayan kowane launi aiki ne. Sai ka gama mota biyu uku ka tabbatar abin ya zauna maka a rai.

Kayan aiki, roba tana so abin yanka mai kaifi na gefe don cire gutsattsarin daga firam, wuƙa siririya, hantsaki, sanfefa daga lamba 600 zuwa 2000, tef ɗin takarda, da gam ɗinta na musamman wanda shi ba mannawa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya. Idan baka samu shi ba sufa gulu tana yi amma bata ba ka lokacin daidaitawa, kuma hayaƙinta yana sa gilashi ya yi fari, shi yasa gilashi da fitila farin gam na kafintoci ake sa musu, irin Top Bond, ɗan kaɗan a bakin tsinken sakace, yana bushewa ya zama garau. Motar ƙarfe ta 1:24 ko 1:18 yawanci sukurori ne a ƙarƙashi, sukudireba kaɗai ta isa. Ƙananan 1:64 su ne ribiti ne ya riƙe su, sai ka huda kan ribitin da dirila ka cinye shi a hankali har ƙasan ya saki, kuma dabarar ita ce kafin ka cinye kan ka fara huda siririn rami a tsakiyar ginshiƙin da bakin dirila kamar milimita 1.5, yadda daga baya zaka ɗaure da ƙaramin sukuru na M2. Waɗannan sukurorin masu gyaran laftof na Computer Village a Ikeja suna da su cike da gwangwani, a can ma zaka samu hantsaki mai kyau da gilashin ƙara girma da fitilar tebur mai caji. Abu ɗaya dai, kafin maganin cire fenti ya taɓa motar ka cire gilashi da kujeru da tayoyi da duk wani abu na roba ka ajiye gefe, don zai narkar da su, kuma ka sa safar hannu, yana ƙona fata.

Yanzu maganar ɗaki, wadda masu yin bidiyo daga Turai basa kawo ta saboda su gareji gare su. Da yawanmu ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo a gidan haya, ƙofa na kallon ƙofa, ga iyali ga yara. Motar roba ba aikin zama ɗaya bace, makonni take ɗauka, kuma duk tsawon lokacin nan gutsattsari ne a baje, madubin gefe da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, sitiyari, sandar giya, idan ɗaya ya faɗi aka share shi da tsintsiya babu inda zaka sayo wani. Ga yaro mai rarrafe da komai baki yake kaiwa, ga wuƙa. Tana so tebur nata ko aƙalla akwati mai murfi da makulli. Ƙaramar motar ƙarfe kuwa gutsi huɗu ne ko biyar, jiki da ƙasa da gilashi da kujeru da tayoyi, duka su shiga robar man shafawa ɗaya ka rufe ka ɗora saman wadirof. Feshi kuma ko wanne ne dan Allah kada a yi shi a ɗakin da ake kwana, a fita bayan gida ko saman bene inda iska ke wucewa, a sa abin rufe hanci na gaske, kuma a kula da shanyar maƙwabta. Wanda ya je wajen masu fentin mota aka ba shi ƙyalli, wato fenti garau da ake fesawa a sama daga ƙarshe, mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa hadina mai sa shi tauri, ya sani wannan yana da illa sosai ga huhu kuma takunkumin ƙyalle baya tare shi, gara ka ba su jikin motar su fesa maka a wajensu lokacin da suke aikin wata.

To duk wannan kada ya sa a ɗauka ina kushe roba. Idan ana maganar kyau da kama da gaske, roba ta yi wa ƙarfe nisa, kuma dalilin a bayyane yake: roba tana zuba siriri, ƙarfe baya yi. Dubi ginshiƙin gilashin gaba a motar Tamiya ka dubi na motar ƙarfe mai araha, na ƙarfen kauri gare shi, layin ƙofa faɗi, maƙalar ƙofar da ke buɗewa wani ƙaton ƙarfe ne a lanƙwashe da babu shi a motar gaske, ga fentin masana'anta mai kauri da ya cike ƙananan zane. A roba kai ne zaka fenta kowane abu kafin ka haɗa, birki daban, sifirin daban, salansa ka ba ta launin ƙonewa, wasu kwalayen har da inji cikakke wanda zaka iya ƙara wa wayoyin filogi da siririyar waya daga tsohon iyafis. Wanda yake aikin kanikanci ko direba ne zai ji daɗin wannan fiye da kowa, domin yadda littafin yake bi da kai daga inji zuwa ƙafafu zuwa ɗaki zuwa bodi kusan yadda ake haɗa ta gaske ne. Sitikunta ma ba irin na mannawa bane, a ruwa ake tsoma su su saki takarda ka zame su a jikin motar, idan suka bushe aka bi da ƙyalli sai ka rantse fenti ne. Kuma cikin kamfanonin, Tamiya, wanda ya fara a garin Shizuoka a 1946 yana sana'ar katako kafin ya koma roba, an san shi da cewa kayanshi suna shiga juna ba dambe, shi yasa idan roba zaka fara to da shi zaka fara. Wasu kwalayen na wasu kamfanoni tsofaffin zubi ne na shekaru da yawa da aka sake wa kwali, suna so gyara da ciko kafin su zauna, ka bincika shekarar zubin kafin ka biya.

Sai kuma tambayar wace mota ce ma kake so ka gani a kabad ɗinka. Idan Skyline ce ko Supra ko motocin tsere, roba ta cika ta batse, akwai Land Cruiser 80 a Tamiya, akwai Hiace da Hilux a Aoshima, waɗanda ko ba a faɗa ba motocin hanyarmu ne, ka yi wa Hiace fentin motar haya ka ɗora mata kaya a sama ka ga yadda baƙi zasu tsaya kallo. Amma motocin da suke taɓa zuciyar ɗan Najeriya, Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda gwamnati da 'yan tasha duk suka hau, ita a ƙarfe ta fi samuwa, Norev na Faransa suna yin ta a 1:43 da 1:18. Beetle kuwa, wadda aka haɗa a masana'antar Volkswagen ta Ojo a kan hanyar Badagry, har yau ana kiran tashar wajen Volks, tana nan a kowane ɓangare kuma da araha.

Danfo, bas ɗin haya ta Legas, ita ce aikin da nake ba duk mai zama a Legas shawara ya fara da shi, kuma ita ce ta fi nuna bambancin hanyoyin biyu. A roba akwai tsohuwar bas ɗin Volkswagen a Hasegawa, Revell kuma suna da T3 mai kusurwa wadda ita ce ainihin danfon da ke bin Oshodi da Mile 12 yau. A ƙarfe Welly da Kinsmart suna da tsofaffin samfurin kuma ana tsintar su a gwanjo. Launi ɗaya ne, ruwan ɗorawa, sai baƙin layi biyu da tef ɗin takarda zai fitar maka. Sai dai ruwan ɗorawa baya rufe abin da ke ƙasanshi, dole firaimar ta zama fara, idan ka sa toka-toka zai fito kore-kore. Abin daɗin shi ne danfo bata buƙatar fenti mai sheƙi, kurakuran hannunka su ne kamanninta. A ƙarfe zaka iya kwarzane gefen da sanfefa ainihin ƙarfe ya leƙo, ka ɗan bubbuga bamba, ka cire murfin fitila ɗaya, ka goga garin alli mai ruwan ƙasa a ƙasan ƙofa ya zama tsatsa da taɓo. A roba zaka iya abin da ƙarfe bazai bari ba cikin sauƙi, ka yanke ƙofar gefe da wuƙa ka bar ta a buɗe inda kwandasta ke maƙalewa, ka cire kujerun ka sa benci na tsinken ashana da sandar alawa. Rubutun jiki da lambar tasha ana buga su a takardar sitika ta ruwa da firintar gida, a fesa mata ƙyalli kafin a tsoma don kada tawada ta zube, amma firinta bata buga fari, to farin rubutu sai da siririn buroshi ko ka sayi takardar mai farin ƙasa.

Bayan an gama ma akwai zama da ita. Roba bata son zafi, ka bar ta a cikin mota a rana ko kusa da rufin kwano sai ta karkace, kuma bata son hannun yara ko kaɗan, madubi da waifa su ne farkon tafiya. Ƙarfe yana jure faɗuwa amma masu zama kusa da ruwa, Lekki, Ajah, Apapa, iskar gishiri tana sa sandar taya tsatsa, ɗigon man keken ɗinki yana taimakawa. Duka biyun suna so akwati mai gilashi, nesa da taga don rana tana koɗar da fenti ta sa sitika ta yi ja, ka jefa ƙananan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Kuma tayar roba mai laushi idan ta daɗe a kan roba mai tauri tana cin ta, ka sa ɗan kati a ƙarƙashi.

Akwai hanyar tsakiya ga wanda yake so ya ɗanɗana haɗawa ba tare da feshi ba. Maisto suna da wasu na 1:24 da jikin ƙarfe ne an riga an fenta, kai ka ɗaure da sukuru, Aoshima kuma suna da na 1:32 da robar ta zo da launinta kuma ba gam, turawa kawai kake su kama. Awa ɗaya biyu an gama. Sun dace da uba da ɗanshi ranar Lahadi, amma babba shi kaɗai zai ji basu ishe shi ba sai in ya ƙara da fenta ɗakin da zuba baƙi mai ruwa a layin ƙofofi.

Idan ni ka tambaya, mai ɗaki ɗaya da yara, ko wanda bai taɓa riƙe gwangwanin feshi ba, ya je Katangua ya ɗauko na ƙarfe biyu ko uku, gara ma 1:24 mai sukuru don 1:64 tana wahalar da ido, ya koyi firaima da feshi da tef a kansu har ya gane wace rana ce fenti ke kwanciya a unguwarsu. Wanda yake da tebur nashi, yana da mai kawo mishi gam da fenti ta jirgin ruwa, kuma abin da yake so shi ne ya ga inji da ƙafafu sun fito a hannunshi, ya yi odar Tamiya ɗaya tak, kada ya tara kwalaye, ya zaɓi mota mai launi ɗaya marar sitika da yawa, ya haɗa ɗakin da ƙarƙashin da damina tunda su buroshi ne, jikin kuma ya ajiye shi sai Disamba. Kafin ya fesa wa jikin komai ya gwada fentin a kan firam ɗin da ya yanko kayan daga ciki, roba ɗaya ce, idan zata ci a nan zata nuna.